Tauraro Mai Tsini Biyar: Daga Ina Ya Fito?

Mu marubuta mukan jefa alama cikin labari ba tare da mun binciki asalinta ba. Ga misalin tauraron nan mai tsini biyar da ake dangantawa da masu bin Shaiɗan na zamani.

Tauraron ya girme su nesa ba kusa ba. Almajiran Fisagoras a tsohuwar Girka sun riƙe shi alamar lafiya, Kiristocin Turai na da kuma suka ɗauke shi raunuka biyar da suke cewa an yi wa Almasihu. Sai a shekarun 1850 wani Bafaranshe, Eliphas Lévi, ya rubuta cewa in an kifa shi, tsini biyu suna sama, sharri yake nufi. Shi ne kuma ya zana Bafomet, mai jikin mutum da kan bunsuru. Sunan kuwa ya yi fice tun bayan 1307, lokacin da Sarki Filib na Huɗu na Faransa ya kame mayaƙan Templar, aka zarge su da bauta wa gunki mai wannan suna.

A 1897 Stanislas de Guaita ya sa kan bunsurun cikin kifaffen tauraro. Daga nan tambarin Cocin Shaiɗan, wanda Anton LaVey ya kafa a San Francisco ta Amurka a 1966, ya samo asali. Su ba su ma yarda akwai Shaiɗan na zahiri ba. Alamar tawaye da bin son rai suka mai da shi.

Don haka kada mu ga tauraro mu yanke wa mai shi hukunci a rubuce. Shi ne fa a tutar Maroko tun 1915.