Ƙuri'a da Tsohuwar Gaba: Abin da New Bell Ta Gani

Baƙon da ya sauka a Duwala, babban birnin ciniki na ƙasar Kamaru, ya tambayi inda Hausawa suke, hanyar New Bell za a nuna masa. Unguwa ce mai cunkoso, mai masallatai da majami'u kusa da juna, babban kurkukun birnin ma a cikinta yake. Daga nan zuwa kasuwar Mboppi, inda 'yan sari suke sauke kaya, ba wata tafiya ba ce. Sa'ad da aka yi zaɓe a Kamaru aka yi jayayya a kan sakamakonsa, a waɗannan tituna akan ji motsin abin tun da wuri. Saboda haka tarihin unguwar yana da abin faɗi a kan wata tambaya da ta dami ƙasashe da yawa na Afirka: ko zaɓen da wani ɓangare bai yarda da shi ba yana iya kashe tsohuwar gaba?

Ita kanta New Bell da rigima aka haife ta. Jamusawa ne suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri, suka tura su baya, suka bar fili mai faɗin kilomita guda tsakanin Turawa da baƙar fata. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi wannan ƙwace, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Da Faransawa suka karɓi ƙasar, 'yan asalin garin ba su so zama a sabuwar unguwar ba, sai baƙi suka cika ta: Basa, da Bamileke daga tuddan yamma, da Ewondo, da Hausawa fatake masu goro da shanu. Ta zama unguwar baƙi, kowace kabila da yankinta da shugabanta. Tun daga lokacin tambayar ko su wa ke da gari ta zauna a ƙarƙashin kowace siyasa ta Duwala.

A nan jam'iyyar UPC, mai neman 'yancin kai, ta yi ƙarfi. Bayan tarzomar watan Mayu 1955, wadda New Bell ta sha wuyarta, Faransawa suka haramta jam'iyyar. Aka yi zaɓen majalisa a Disamba 1956 ba tare da ita ba, 'ya'yanta kuwa suka shiga daji da makamai. Aka kashe shugabanta Ruben Um Nyobe a 1958. Ƙasar ta sami 'yancin kai ran 1 ga Janairu 1960 a hannun Ahmadu Ahijo, mutumin Garwa, aka yi ƙuri'ar amincewa da tsarin mulki a Fabrairu, aka yi zaɓen majalisa ran 10 ga Afrilu. Mako biyu bayan haka, ran 24 ga Afrilu 1960, wuta ta cinye unguwar Kongo da ke gefen New Bell, inda Bamileke suka fi yawa. Gwamnati ta ce mutum 19 suka mutu, wajen 5,000 suka rasa wurin kwana, amma da yawa sun ce matattun sun fi haka nesa. Har wa yau labarin biyu ne. Waɗansu suna cewa Hausawa ne suka sa wutar domin ramuwar mutanensu da 'yan tawaye suka kashe, waɗansu kuwa suna ɗora laifin a kan jami'an tsaro. Ko wanne ne gaskiya, ƙuri'a uku cikin shekara huɗu ba su hana maƙwabta da suke cin kasuwa ɗaya ganin juna a matsayin abokan gaba ba, gama an cire ɓangare guda daga cikin takarar tun kafin a buɗe akwati.

Daga 1966 ƙasar ta koma jam'iyya ɗaya. Ahijo ya sauka a Nuwamba 1982, ya miƙa wa Paul Biya mulki, ba da daɗewa ba suka ɓata. Yunƙurin juyin mulki na Afrilu 1984 ya sa aka kashe 'yan arewa da dama, aka ɗaure waɗansu shekaru, Ahijo kuma ya rasu a Dakar a 1989, can aka binne shi. Wannan ciwo ne da mutanen arewa suka riƙe. Mutanen yankin Turancin Ingilishi, waɗanda suka haɗu da Kamaru a 1961 bisa tsarin tarayya, su ma suna da nasu, domin an rushe tarayyar a 1972. Ga kuma talauci, gama farashin koko da kofi da man fetur ya faɗi tun tsakiyar shekarun 1980.

Da waɗannan kaya duka aka shiga 1990. A Fabrairu aka kama lauya Yondo Black a Duwala tare da waɗansu abokansa, cikinsu har da Anicet Ekane, saboda shirin kafa ƙungiyar siyasa. Ran 26 ga Mayu John Fru Ndi, mai sayar da littattafai a Bamenda, ya ƙaddamar da jam'iyyar SDF, aka kashe mutum shida a wurin. A Disamba gwamnati ta yarda da jam'iyyu da yawa. Amma 'yan hamayya ba zaɓe suka fara nema ba. Abin da suka nema shi ne babban taron ƙasa mai cikakken iko, irin wanda aka yi a Benin a 1990, aka kuma yi a Nijar a 1991, inda za a zauna a sake shirya dokokin wasan kafin a shiga fili. Biya ya ce irin wannan taro ba shi da amfani ga Kamaru.

Amsar 'yan hamayya ita ce abin da aka kira da Faransanci "villes mortes", wato matattun garuruwa. Wata da watanni a 1991, daga Litinin zuwa Jumma'a ba a buɗe kanti, ba motar haya, ba biyan haraji, sai Asabar da Lahadi mutane su fita su sayi abinci. Duwala ce zuciyar abin, garuruwan arewa irin su Garwa da Ngaundere ma sun shiga. Mai karatu ya tuna cewa mahauci da mai tireda da ɗan dako na Mboppi abin da suka samu yau shi suke ci yau. A tsakiya suka samu kansu: in sun buɗe rumfa samari su far musu, in sun rufe yara su kwana da yunwa, ga sojoji a titi, gama an sa larduna bakwai cikin goma a ƙarƙashin kwamandojin soja. An ƙiyasta ɗaruruwan mutane ne suka mutu. A ƙarshen shekarar aka yi wani taro a Yawunde tsakanin gwamnati da jam'iyyu da wakilan jama'a, aka janye yajin, SDF kuwa ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar.

Sai aka ce zaɓe zai raba gardama. SDF ta ƙaurace wa na majalisa na 1 ga Maris 1992. Duk da haka jam'iyyar Biya, RDPC, kujera 88 kaɗai ta samu cikin 180, UNDP ta Bello Buba Maigari, wadda tushenta ke arewa, ta samu 68. Sai da gwamnati ta jawo ƙaramar jam'iyyar MDR mai kujera 6 kafin ta sami rinjaye. Biya ya matso da zaɓen shugaban ƙasa gaba, aka yi shi ran 11 ga Oktoba 1992, zagaye ɗaya tak, ma'aikatar harkokin cikin gida kuma ita ce ta shirya shi, ta tara ƙuri'u. Wato ɗaya daga cikin 'yan kokawar shi ne ya naɗa alƙalin wasa.

Ran 23 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta ba Biya kusan kashi 40 cikin ɗari, Fru Ndi kusan 36, Bello Buba 19. Kotun da kanta ta ambaci kurakurai da yawa a zaɓen, amma ba ta soke shi ba. Masu sa ido na cibiyar NDI ta Amurka sun ce an ɓata zaɓen ƙwarai. Fru Ndi, wanda ya lashe Duwala da rata mai yawa, ya riga ya ce shi ya ci. Aka kafa dokar ta ɓaci a lardin Arewa maso Yamma, aka tsare shi a gidansa wajen wata biyu.

Lissafin yana da abin lura. Fiye da rabin masu ƙuri'a sun zaɓi mutum biyu da suke neman canji, amma waɗannan biyu sun kasa tsayar da ɗan takara ɗaya, doka kuwa ba ta ba da zagaye na biyu da zai tilasta musu haɗuwa ba. Taswirar sakamakon kuma ta fito kamar taswirar kabilu: yamma da bakin teku ga Fru Ndi, Adamawa da lardin Arewa ga Bello Buba, tsakiya da kudu ga Biya. A unguwa irin New Bell, inda duk waɗannan mutane suke zaune katanga ɗaya, zaɓen ya sa kowa ya san inda maƙwabcinsa ya tsaya, bai kuwa ba wanda ya faɗi dalilin da zai sa ya haƙura ba.

Abin da ya kwantar da ƙura a wancan lokaci rabon muƙamai ne. A Nuwamba 1992 manyan UNDP biyu, Hamadu Mustafa da Isa Ciroma Bakari, suka karɓi kujerun minista ba da yardar jam'iyyarsu ba. Bello Buba kansa ya shiga gwamnati a 1997, bayan ya ƙaurace wa zaɓen shekarar. An sami shiru, amma shirun gajiya ne. Masu Turancin Ingilishi suka taru a Buea a 1993 suka nemi a koma tarayya, ba a saurare su ba, zancen da ya zama yaƙi daga 2017.

A Duwala kuwa tsohuwar tambayar nan ta masu gari ta dawo a fili. SDF ta lashe ƙananan hukumomin birnin a Janairu 1996, yawancin magadan garin da aka zaɓa kuwa Bamileke ne. A Fabrairu mutanen Sawa, 'yan asalin bakin teku, suka yi zanga-zanga cewa baƙi sun mallake su a ƙasarsu. Tsarin mulkin da aka sa wa hannu a watan Janairun nan ya yi alkawarin kare haƙƙin 'yan asali, gwamnati kuma ta ɗora wa birnin wakili naɗaɗɗe a bisa zaɓaɓɓun magadan gari. Wanda aka haifa a New Bell, aka haifi ubansa a can, yana da ƙuri'a, amma sunansa baƙo. Wannan tsarin mulki ya kuma tanadi majalisar da za ta riƙa yanke hukunci a kan zaɓe. Ba a naɗa mutanenta ba sai 2018, shekara 22 bayan haka, shugaban ƙasa ne kuma ya sa hannu a naɗin.

Sauran labarin maimaici ne. A Fabrairu 2008 tarzoma ta tashi daga Duwala a kan tsadar mai da shirin cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, aka cire iyakar a Afrilu. A 2018 Maurice Kamto ya ce shi ya ci, aka ba shi kashi 14, aka kama shi a Duwala a Janairu 2019, ya yi kusan wata tara a tsare. A zaɓen 12 ga Oktoba 2025 an hana Kamto tsayawa, wanda ya ce an ƙwace masa nasara kuwa shi ne Isa Ciroma ɗin nan, wanda ya bar 'yan hamayya a 1992, ya kuma yi shekara goma yana magana da yawun gwamnati. Ran 26 ga Oktoba aka yi arangama da jami'an tsaro a New Bell da waɗansu unguwanni, gwamnan lardi ya ce mutum huɗu sun mutu. Kashegari aka ba Biya, mai shekara 92, kashi 53.66, Ciroma 35.19. Ciroma ya bar ƙasar, Gambiya ta ba shi mafaka. Anicet Ekane, wanda aka kama tare da Yondo Black a 1990, ya goyi bayan Ciroma, aka sake kama shi a Duwala kafin a faɗi sakamako. Ya rasu a tsare a Yawunde ran 1 ga Disamba 2025.