Daga Gayya zuwa Dubara: Sunayen Aikin Haɗin Kai

A cikin sana'ar kula da jin daɗin jama'a akwai wani reshe da har yau bai sami tsayayyen suna a Hausa ba. Shi ne aikin mutumin da ke shiga unguwa ko ƙauye ya tara mutane, ya taimaka musu su gano abin da ke damunsu, su kuma magance shi da hannunsu. A rediyo za ka ji raya karkara, a takardun gwamnati ka ga ci gaban al'umma, a bakin matasan unguwa kuwa taimakon kai da kai. Wannan yawan sunaye ya cancanci a tsaya a kansa, domin kowane suna yana faɗa mana wanda aikin yake hannunsa.

Mafi tsufa a cikin sunayen irin wannan aiki shi ne gayya. Daga gare ta aka samo gayyata, kuma a nan ma'anarta take: aiki ne da ake kira, wanda aka kira ya amsa don ganin dama. Manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa yakan kai goro wurin sarkin noma, a sa rana. Da sanyin safiya samari su jeru a bakin gona, kowa da fartanyarsa, makaɗi yana binsu da gangar noma yana zuga wanda ya riga fita kunya. Rana na take tsaka mata su iso da ƙwaryar fura da akushin tuwo. Ba a biyan kowa lada, amma kowa ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma ranar tasa gayyar za a tuna. Har wanda ya zo ba a kira shi ba Hausa ta yi masa suna, ɗan gayyar soɗi, alamar cewa abin yana da ƙa'ida.

Sai dai gayya tana da iyaka. Tana da mai ita, kuma aikin yini ne. Ta dace da huɗa, da rufin ɗaki, da yasar rijiya. Ba ta isa ta riƙe famfon burtsatse shekara goma ba, inda ake buƙatar wanda zai tara kuɗin gyara, ya rubuta, ya ba da bayani. Haka nan kalmar ta sha wahala a hannun masu mulki. A zamanin Turawa, an sha fitar da talakawa gyaran hanya da umarnin hakimi, a kira shi aikin gayya alhali babu mai ikon cewa a'a. Tsakanin 1942 da 1944 aka tilasta wa dubban mutane zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos, inda sanyi da cuta suka kashe da yawa. Wannan kam jama'a ba su yarda sun kira shi gayya ba, suka sa masa ɗiban gwamna. Wanda ake ɗiba kamar hatsi ba a tambaye shi ra'ayinsa ba.

A Nijar wata kalma ce ta bi irin wannan hanya. Samariya asalinta taron matasan gari ne ƙarƙashin sarkin samari. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da ita ya mai da ita tsarin ƙasa baki ɗaya. An gina azuzuwa, an dasa itatuwa, kuma babu mai musun wannan. Amma umarni daga Yamai yake saukowa, shi ya sa da iskar siyasa ta juya wajajen babban taron ƙasa na 1991, samariyar gwamnati ta yi sanyi. Sunan na gida ne, linzamin ne ba ya hannun 'yan gida.

Kalmomin da suka fi yawo a yau sun fi waɗancan laushi, kuma suna buƙatar lura. Wayar da kai tana ɗauka cewa kan mutane a duhu yake, mai zuwa daga birni shi ke riƙe da fitila. Tallafi kuwa, a asalinsa, riƙe abin da ke shirin faɗuwa ne. Masu cin gajiya suna ne da ke zaunar da mutane a layi suna jiran rabo. Duk suna da muhallinsu, musamman lokacin ambaliya ko yunwa. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗora su a kan aikin da manufarsa ita ce mutane su tsaya da ƙafarsu. Garin da aka saba kira masu cin gajiya, ranar da famfo ya lalace za ka ji ana cewa, "Famfon masu aikin nan ya mutu." Ba wanda zai ce famfonmu.

Masana wannan fanni sun daɗe da ganin bambancin. A 1968 wani malami a Amurka, Jack Rothman, ya raba aikin kashi uku: wanda jama'ar wuri ke haɗa kai su yi da kansu, wanda ƙwararru ke tsarawa da alƙaluma, da wanda marasa ƙarfi ke haɗuwa su nemi haƙƙinsu wurin masu iko. Na farkon shi ne muke kira taimakon kai da kai, kuma sunan ya yi daidai, domin mai taimako da wanda ake taimaka wa mutum ɗaya ne.

Sunan da ya fi burge ni daga Maraɗi ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da matan karkara, aka kira shi Mata Masu Dubara. An gina shi a kan adashi da asusu, abubuwan da matan suka riga suka sani. Kowane mako sukan zauna su zuba abin da ya sawwaƙa a cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, don kada a buɗe sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ci bashi ta biya, ƙarshen zango a raba. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Ma'aikaciyar da ta koya musu tsarin takan ja baya bayan wasu watanni, ƙungiya ta ci gaba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta. Sunan bai ambaci talauci ba, bai ambaci mai bayarwa ba. Ya ce dubarar tana wurin matan, kuma aikin ya tafi a kan haka.

To shi jami'in da ke wannan aiki, me za mu kira shi? Ba shi ne mai gayya ba, tunda gonar ba tasa ba ce. Shugaba ma bai dace da shi ba. Ni ina ganin mai haɗa kan jama'a ya fi kusa: ya tara su, ya tabbatar an ji muryar mata da matasa da baƙin gari, ya koya musu riƙe lissafi da rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, sannan ya san lokacin tafiyarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar ta masu ɗaki ce. Don haka duk ƙungiya ko hukumar da za ta shiga gari da wani shiri, ta fara da tambayar mutanen wurin abin da su za su kira shi, ta kuma rubuta wannan sunan a allon aikin.