Saiwar Waya: Yadda Aka Buɗe Android da Yadda Aka Sake Kulle Ta

Madabo, a cikin birnin Kano, unguwa ce da aka san ta da littafi. Ana danganta asalin makarantarta da Wangarawan da suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, waɗanda Tarihin Kano ya sanya zuwansu a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), kuma ta yi fice wajen karantar da fiƙihun Malikiyya, musamman Mukhtasar. Ga mai karatu a irin wannan unguwa, wayoyin Android na farko sun zo da aibi babba: ba su iya Larabci ba. A wasu, akwatuna ne ke fitowa a gurbin haruffa. A wasu kuma haruffan na fitowa a warwatse, kowanne tsaye shi kaɗai. Ƙ, ɗ da ɓ na boko su ma sun sha zama akwatuna. Injiniyoyi na kiran waɗannan akwatuna tofu, wato awara, kuma daga nan Google ya samo sunan haruffansa na Noto.

Maganin yana cikin wayar, amma a ɗakin da aka hana mai ita shiga. Haruffa na zaune ne a cikin fayilolin tsarin waya, sashen da ake iya karantawa amma ba a iya sauyawa sai da izinin da ake kira root, wato saiwa. Kalmar ta samo asali ne daga Unix, manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, inda mai wannan izini ke da ikon taɓa kowane fayil. Linux ta gaji tsarin a 1991, Android kuma a kan Linux aka ɗora ta. Abin da kamfanoni suka yi shi ne sayar da gidan tare da riƙe makullin ɗaki ɗaya.

Makullin bai daɗe a hannunsu ba. A Oktoban 2008 aka fitar da HTC Dream, wayar Android ta farko, kuma cikin makonni aka gano cewa duk abin da mutum ya rubuta a kanta, tsarin na karɓarsa a ɓoye a matsayin umarni mai cikakken iko. Wanda ya rubuta kalmar reboot a saƙo sai ya ga wayarsa ta mutu ta sake kunnuwa. An toshe wannan ƙofa, masu bincike suka nemo wasu. A 2009 CyanogenMod ta bayyana, manhajar da ke maye gurbin ta kamfani ɗungurungum. SuperSU ta biyo baya a 2012, Magisk a 2016.

A Kano, inda layukan GSM suka iso bayan ba da lasisi a 2001, wannan ilimi ya sauka ne a teburin masu gyara na kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix da suka cika kasuwa, yawancinsu masu ƙwaƙwalwar MediaTek ne, wadda ba ta da wuyar buɗewa, don haka rutin da fulashin suka zama aikin yau da kullum. Larabci ba shi ne kaɗai dalili ba, kuma adalci ne a faɗi cewa ba shi ne mafi girma ba. Wani na son goge manhajojin da kamfani ya cusa a wayar da ba ta da sarari. Wani na son sauya lambar IMEI domin ya ci moriyar data mai rahusa da aka ware wa BlackBerry, dabarar da ɓarayin waya su ma suka amfana da ita.

Abubuwa biyu suka rage wa rutin kasuwa. Na farko, Google ya gyara abin da ya ɓata: Android 4.2, a Nuwamban 2012, ta zo da cikakken tsarin rubutu daga dama zuwa hagu. Na biyu ya fi nauyi, domin waya ta zama jakar kuɗi. Izinin da ke ba mai waya damar sauya haruffa shi ne ke ba muguwar manhaja damar leƙa lambar sirri, saboda haka manhajojin banki da dama ba sa buɗuwa a wayar da aka yi wa rutin. Bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da har mai shayi ya koma karɓar tiransifa, ba kowa ne zai sayar da asusunsa don ya sayi ’yancin taɓa fayil ba.

Sai dai gyaran Google ya tsaya ne a Larabcin bugun Gabas. Rubutun da ɗan makarantar allo ya tashi da shi na ruwayar Warshu ne, mai fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, kuma sai a 2016 Unicode ta ba waɗannan haruffa lambobi na kansu. Ƙungiyar SIL ta ƙera haruffan kwamfuta masu suna Alkalami, bisa salon rubutun hannu na Kano, ta kuma sake su kyauta. Suna aiki a kwamfuta da cikin manhajar da ta ɗauko su da kanta. A wasu wayoyi kuwa, mai son su zama haruffan wayar gaba ɗaya sai ya shiga wancan ɗaki, wanda shigarsa a yau na iya raba shi da manhajar bankinsa.