Ma'auni na bakwai: falsafar amfani da gardamar haƙƙin ɗan Adam, 1789-1946

1. Gabatarwa

Wannan ƙasida tana bin sawun wata gardama da ta taso tsakanin Ingila da Faransa a ƙarshen ƙarni na 18: mi ya kamata ya zama tushen doka, jin daɗin mafi yawan jama'a ko haƙƙin da aka haifi kowa da shi? Za mu nuna cewa ɓangarorin biyu sun yi tuntuɓe a kan tambaya guda, wato su wa za a sa cikin lissafi.

2. Bentham da sanarwar 1789

Jeremy Bentham (1748-1832) shi ya kafa falsafar amfani, wadda ake kira utilitarisme da faransanci. Ya amfana da tunanin Helvétius da Beccaria. A littafinsa na 1789 kan ƙa'idojin ɗabi'a da tsara doka, ya ce kyawun aiki ko muninsa yana ga daɗi ko wahalar da ya haifar. Ya kawo ma'auni bakwai na auna daɗi: ƙarfinsa, daɗewarsa, tabbacinsa, kusancinsa, ko yana haifar da wani daɗin, ko bai gauraya da wahala ba, sai na bakwai, yawan mutanen da abin ya shafa.

A wannan shekarar ce majalisar Faransa ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam da ɗan ƙasa. Bentham ya soke ta. A ganinsa doka ce ke haifar da haƙƙi, kuma faɗa wa jama'a suna da haƙƙin da ya riga doka tamkar ba su izinin tawaye ne duk sa'ad da suka ga dama. Duk da wannan ra'ayi, Faransa ta ba shi matsayin ɗan ƙasa na girmamawa a 1792. Da faransanci ma sukar tasa ta fara fitowa, a 1816, ta hannun Étienne Dumont, mutumin Geneva, da sunan Sophismes anarchiques.

A 1793 Bentham ya rubuta wa majalisar Faransa takarda yana kiran ta da ta saki ƙasashen da ta mallaka. Babbar hujjarsa lissafi ce: mallakar tana cin dukiya fiye da abin da take kawowa, tana kuma jawo yaƙi.

3. Gyaran Mill da iyakarsa

John Stuart Mill (1806-1873) ya ga raunin wannan lissafi. A littafinsa kan falsafar amfani (1863) ya bambanta daɗin hankali da na jiki, ya fifita na farko. Ya kuma maido da haƙƙi ta wata ƙofa: tsaron rai da dukiya shi ne amfanin da ya fi kowane, saboda haka wajibi ne al'umma ta kare wa kowa shi.

Amma a littafinsa kan ƴanci (1859) ya keɓe al'ummomin da yake ganin ba su waye ba, ya halatta a mulke su da ƙarfi muddin manufar ita ce ci gabansu. Ya kamata a tuna cewa daga 1823 zuwa 1858 ma'aikacin kamfanin Ingila mai mulkin Indiya ne. Ke nan an ƙidaya jin daɗin Indiyawa, amma wasu ne ke yi musu ƙidayar.

4. Ɓangaren haƙƙi

Masu riƙe da sanarwar 1789 su ma ba su tsira ba. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoléon ya maido da ita a 1802, ba a sake soke ta ba sai 1848. A Afirka ta yamma, har da Nijar, dokar indigénat ta ba kwamanda ikon tara da ɗaure talaka ba tare da shari'a ba, ga kuma aikin dole. A 1946 ne aka soke indigénat, dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu ta hana aikin dole, ta Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta ba kowa matsayin ɗan ƙasa. Tsakanin sanarwar da waɗannan dokoki shekara 157 ce.

5. Kammalawa

Tun daga John Rawls (1971), sukar da aka fi yi wa falsafar amfani ita ce tana iya sadaukar da tsiraru don jin daɗin masu yawa. Tarihin da muka bi ya ƙara wani abu: a zamanin mulkin mallaka, masu yawan ne aka sadaukar, a ƙarƙashin tutar amfani da ta haƙƙi baki ɗaya. Don haka mai nazarin kowace doka, kafin ya tambayi wace falsafa ta dogara da ita, sai ya fara da ma'auni na bakwai: su wa aka ƙidaya, wa kuma ya riƙe alƙalamin ƙidayar.