Tarihin Gardama Kan Ƙagaggun Labaran Kimiyya: Daga Turai Zuwa Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa karanta littafin Tauraruwa Mai Wutsiya tare da ɗalibansa ya san abin da kan biyo baya. Mu ma mun gani a wani aji, inda ɗalibai biyu 'yan Danko, ta ƙasar Zuru a Jihar Kebbi, suka sa juna gaba da musu har bayan an tashi. Ɗaya na ganin littafin tatsuniya ce kurum aka sa wa rigar boko, ɗayan kuwa ya kafe a kan cewa ilmi ne aka yi wa kwalliya da labari. Da yake ruwa ba ya tsami banza, manufar wannan takarda ita ce bin tarihin irin wannan gardama, domin a gano abin da ke sa ma'abota ƙagaggun labaran kimiyya su fi sauran masu karatu zafin musu.

2.0 Tushen Gardamar a Turai da Amurka

Gardamar ta faro ne daga su marubutan kansu. A 1865 Jules Verne, mutumin Faransa, ya rubuta labarin wasu mutane da aka harba zuwa wata da wata ƙatuwar igwa, ya kuma cika littafin da lissafi. A 1901 sai H. G. Wells na Ingila ya kai nasa mutanen wata ta hanyar wani sinadari da ya ƙaga, wanda ke tare ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi. Verne ya soki wannan dabara, domin a ganinsa shi da ilmin da aka sani ya yi aiki, Wells kuwa ƙirƙira ya yi. Tun daga nan tambaya ta tashi: ƙarya nawa aka yarje wa marubucin da ya jingina labarinsa da kimiyya?

Masu karatu sun shigo fagen ne bayan 1926, lokacin da Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka. Ya riƙa buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu, sai suka soma rubuta wa juna, suka kafa ƙungiyoyi, ƙungiyoyin kuma suka soma hamayya. A babban taronsu na duniya na farko, wanda aka yi a birnin New York a 1939, an hana wasu mutum shida shiga zauren saboda saɓani na siyasa da na shugabanci. Abin bai tsaya nan ba. A 2015 rikici ya ɓarke kan kyautar Hugo tsakanin masu son labaran jarunta irin na da da masu maraba da sababbin jigogi da sababbin marubuta, har masu zaɓe suka gwammace a bar rukuni biyar ba a ba kowa ba.

3.0 Yadda Abin Yake a Ƙasar Hausa

Labarin abin al'ajabi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Daga cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, wadda R. M. East ya shirya a Zariya, akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma a dukkansu tauraron labarin ya cuɗanya da aljannu. Amma mai karatu bai taɓa tambayar yadda aljani ke tashi sama ba, domin al'ada ta riga ta ba shi amsa. Haka nan mai sauraron tatsuniya ba ya musu, tun da mai bayarwa da bakinta take rufewa da cewa ƙarya ta shara.

Sauyi ya zo a 1969, sa'ad da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda manazarta da yawa ke ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko da Hausa. A cikinsa wani yaro mai suna Kilba ya yi tafiya cikin sararin samaniya tare da Ƙolin Ƙoliyo, baƙo daga wata duniya. A watan Yuli na wannan shekara kuma Amurkawa suka sauka a kan wata cikin kumbon Apollo 11, labarin da mutane da dama, a nan da can Amurka, suka ƙi gaskatawa.

Dole mu tuna cewa sama ba fili ba ce da Bahaushe ya bari babu ma'ana. Da ganin wata yake ɗaukar azumi, da shi yake ajiyewa. Ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki, ya san Kaza da 'Ya'yanta. In wata ya yi husufi yara kan fita da kiɗa da waƙa, ita kuwa tauraruwa mai wutsiya akan ɗauki fitowarta alamar wani babban al'amari. Saboda haka marubucin da ya kai yaro can cikin jirgi ya taɓa abin da mutane ke da ra'ayi a kansa tun kaka da kakanni.

4.0 Dalilan Zafin Gardamar

Daga wannan tarihi muna iya fitar da dalilai uku. Na farko, wannan nau'i na adabi shi ke gayyato mai bincike da kansa. Mai tatsuniya ya ce ƙarya ce, mai tarihi ya ce ta faru, mai labarin kimiyya kuwa cewa yake tana iya faruwa. Da zarar an ce "tana iya", kowane ɗalibi da ya san nisan wata, wato kimanin kilomita 384,000, ya sami ikon zama alƙali.

Na biyu shi ne rikicin iyaka, wato me ya cancanci sunan, me bai cancanta ba. Shin Ƙolin Ƙoliyo halitta ce ta wata duniya, ko aljanin Ruwan Bagaja ne ya sake tufafi? Ba a wannan fage kaɗai Hausawa suka yi irin wannan ja-in-ja ba. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu kan littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu. Can ma tambayar ita ce wa ke da ikon shata iyakar adabi. Wanda ya yi shekaru yana karanta wani irin littafi, in aka ce littafin ba adabi ba ne, ji yake shi aka raina.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne cewa labaran nan kan gobe suke magana, gobe kuwa kowa na da rabo a cikinta. Mai karatu yakan duba ya ga ko akwai irinsa a duniyar da aka zana, da wane harshe ake magana a cikin kumbon, addini da zumunci kuma ina aka ajiye su. Wannan ne ya sa Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya wadda littafinta Binti ya ci kyautar Hugo a 2016, ta dage a bambanta labaran da tushensu ke Afirka da waɗanda tushensu ke cikin rayuwar baƙar fata na Amurka. Batun ya fi tsanani a wuri kamar Danko, inda Hausa take harshen kasuwa da cuɗanya, alhali gidaje da yawa na da nasu harshen, kamar na Dakarkari. Yaron da ya ji tatsuniya da harshen kakarsa, ya karanta Kilba da Hausa, ya koyi kimiyya da Turanci, yana da dalilin tambayar da wanne daga cikin ukun za a yi gobe.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa gardamar ta girmi ƙungiyoyin masoya, ta kuma iso ƙasar Hausa tare da littafin Umaru Dembo. Mun kuma nuna cewa abin da ake musu a kai ya wuce littafin da ke hannu, ya kai ga abin da zai yiwu, da wanda ke da ikon yanke hukunci, da wanda za a yi gobe da shi. Don haka shawararmu ga malaman kwalejojin ilmi ita ce kada a kashe irin wannan musu a aji. A maimakon haka a nemi kowane ɗalibi ya kawo hujja, malamin Hausa da na kimiyya kuma su haɗa kai wajen samar da kalmomin da ake bukata. Fiye da shekara 50 ke nan da fitowar Tauraruwa Mai Wutsiya, amma har yanzu littattafan da suka bi sahunsa ba su kai yawan na soyayya ko kusa ba. Ɗaliban da ke musu a yau, daga cikinsu ne muke sa ran samun masu cike wannan giɓi.