Kwaz na Duwatsun Riruwai

Kwaz wani ma'adini ne mai tauri da ƙyalli kamar gilashi, wanda silikon da iskar oksijin suka haɗu suka samar. Yana cikin manyan ma'adinan da ke dutsen giranit na Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, kudancin Jihar Kano. Masana ilimin ƙasa suna nazarin ƙananan sinadaran da ke cikinsa domin gane dutsen da ke ɗauke da kuza.

Asalin duwatsun

Duwatsun Riruwai suna cikin jerin giranit masu siffar zobe da suka haɗa da na Jos. Sun samu ne a zamanin Jurasik, kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, lokacin da narkakken dutse ya daskare a ƙarƙashin tsohon dutse mai aman wuta. Daga baya ruwan zafi mai ɗauke da ƙarafa ya bi tsagogin dutsen, ya bar jijiyoyin kwaz tare da kuza da tutiya. Babbar jijiyar ta miƙe gabas da yamma, tsawonta kusan kilomita 5. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna narkar da kuza.

Ƙananan sinadarai

Kwaz ba ya karɓar baƙin sinadarai da yawa, don haka ake auna su da kashi cikin miliyan. Aluminiyam, titaniyam da jamaniyam sukan maye gurbin silikon. Idan aluminiyam ya shiga, litiyam ko haidirojin kan biyo shi domin cike giɓin caji.

Titaniyam yakan yi yawa a kwaz ɗin da ya ƙullu cikin zafi mai tsanani. A kan wannan ne David Wark da Bruce Watson suka gina ma'aunin zafi na TitaniQ a 2006. Yayin da narkakken dutse ke hucewa, titaniyam na raguwa, jamaniyam kuma na ƙaruwa. Kuza ma a ragowar narkakken dutsen take taruwa, saboda haka kwaz mai ƙarancin titaniyam da yawan jamaniyam alama ce ta giranit da ka iya ɗaukar kuza.

Amfani

Ana auna sinadaran ne da na'urar leza mai ƙona ɗan ɗigo a jikin ƙwayar. Da yake kwaz ba ya saurin lalacewa, ƙwayoyinsa da ruwa ya kwaso zuwa rafi suna riƙe da alamar dutsen da suka fito. Wannan na taimaka wa masu neman ma'adinai su zaɓi wurin bincike kafin su kashe kuɗi wajen haƙa.