Zagaye Kafin Karɓar Makulli

Tun da na ajiye sifana na bar wa yara gareji, ƙara iri ɗaya ake ta kawo mini a kan bencin da nake zama. Mutum ya kai mota a juye masa baƙin mai, an cinye zaren notin da ke ƙasan injin, an naɗa masa zaren leda an ɗaure aka yi shiru. Bayan kwana biyu mai ya tsiyaye, injin ya buga a hanyar Zariya. Da ya koma sai bakaniken ya ce, “Alhaji, ai dama haka ta zo.” Babu maganar da ke ƙona mini rai a sana'ar nan kamar wannan, domin a garejin da na tashi ba wanda ya isa ya faɗe ta. An toshe mata hanya tun kafin a karɓi makulli.

Na shiga koyo a Kaduna a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ke tashensa. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar manyan ma'aikata, tashoshin mota kuwa doguwar 504 ce da akori-kura 404 ko'ina. Maigidana ya yi aiki a garejin wani kamfanin Turawa mai sayar da motoci kafin ya buɗe nasa, kuma daga can ya taho da abin da muke kira zagaye.

Mota in ta shigo, ba yaron da zai ɗora mata hannu. Maigida zai fito, ya tsayar da mai mota a gefensa, yaro ɗaya na biye da doguwar rajista. Daga fitilar gaba ake farawa. Duk lotsawa, duk ƙarzuwar fenti, tsagewar gilashi, madubin da ya yi lako-lako, sai an nuna da yatsa an rubuta. A buɗe but a ƙirga safaya da jak da sifanar taya. A rubuta sunan batir da na tayoyi huɗu, a duba inda allurar mai ta tsaya da lambar kilomita. Sannan ya ce wa mai mota ya tayar da ita da hannunsa, su tsaya su saurari injin tare. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, ya nuna masa launin ruwan lagireto. Sai mai mota ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala.

Masu kuɗi da yawa ba sa son wannan tsaiko. Na ji wani attajiri ya ce masa, “Haba Malam, ni fa na yarda da kai.” Maigida ya ce, “Ranka ya daɗe, yardar ce nake so ta kai mu baɗi.” Kuma bai karɓi makullin ba sai da aka gama.

Ranar da mai mota zai karɓi motarsa akwai kwali. Duk abin da aka cire, tun daga fulogi har gasket ɗin da ya ƙone, ana zuba shi a kwali a sa a but, da rasiɗin sabon a kai. Ƙa'idar da ta ɗaure duka ita ce: duk lahanin da ba ya cikin rajista, aka kuma gan shi ranar fita, na gareji ne. Ba a tambayar wane yaro ne ya yi a gaban mai mota. Maigida ne ya karɓi amana, shi zai biya.

Wanda ya san injin 504 ya san lainoninsa a cikin ruwa suke zaune, kan silinda ne ke danne su. In ka cire kan, ba ka juya karanshaf sai ka danne lainonin da ƙarfe, in ba haka ba fistin zai ɗago su, abin da ke tare ruwa a gindinsu ya saki. Wani babban yaronmu, wanda ya kusa yaye, ya juya injin ɗin wani malamin makaranta ba tare da dannewa ba. Laina ɗaya ta ɗan motsa, motsin da ido da ƙyar yake gani. Da an mayar da kai an ɗaure, motar za ta fita lafiya, sai bayan makonni ruwa ya fara haɗuwa da baƙin mai, kuma ba mahalukin da zai iya cewa daga wurinmu ne. Maigida ya sa aka sauke injin gaba ɗaya. Ya sayo kayan da kuɗinsa, ya aika aka gaya wa malamin cewa motarsa za ta ƙara kwanaki, da dalilin da ya sa. Kuɗin aikin da aka yi ciniki tun farko shi kaɗai ya karɓa. Yaron kuwa ya koma wankin kayan injin da kananzir tare da sababbin shiga, har sai da maigida ya huce.

Na daɗe ina zaton wannan ƙa'ida tarbiyyar Turawa ce kawai. Sai daga baya, da na fara zuwa karatun zaure bayan magariba, muka kai babin ciniki da ijara a Risala ta Ibn Abi Zaid, na ji ashe a mazhabar Malikiyya mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa shi ke da lamuninsu in sun lalace. Hukuncin da ya hau kan tela da maƙeri da masu rini a Ƙofar Mata shi ne ya hau kanmu. Rajistar ce ta Bature, alhakin kuwa mun gada. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin ya fara warwarewa ne bayan 1986, da tsarin SAP na Babangida ya karya darajar naira. Sabon kaya na kamfani ya fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma kayan Beljiyam da na Taiwan. Ban ga laifin kayan Beljiyam ba, sun riƙe motocin ƙasar nan a kan titi, kuma Panteka da Ƙofar Ruwa sun ciyar da dubban gidaje. Amma sun kashe kwali. Da can sabo yana ƙyalli, tsoho yana baƙi, mai mota na iya bambancewa. Yanzu da abin da aka cire da wanda aka sa duk tsofaffi ne, mara tsoron Allah na iya wanke naka ya mayar maka ya karɓi kuɗi, ko ya ɗauke mai kyau ya sa maka gajiyayye. Sai kuma acaɓa ta zo ta kwashe yara. Yaron da zai yi shekara biyar ko shida a ƙarƙashin maigida ya ga abokinsa na komawa gida da kuɗi kullum, ya yi shekara guda ya gudu, in acaɓar ta ƙi ya sayi sifana uku ya nemi gindin bishiya. Ba wanda ya yaye shi, don haka ba wanda za a kai wa ƙararsa.

Su ma masu motoci da nasu laifin. Mutum zai zagaya gareji huɗu yana neman wanda zai rage masa ɗari biyar, sannan ya yi mamakin abin da ya samu.

Motar kuma ta canza, hannu bai canza ba. Kafireto yana yafe kuskure, biren-bos, wato kwamfutar mota, ba ya yafewa. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke zuwa da kafar da ake jona kwamfuta ta faɗi ciwon, amma har yau za ka ga mai gyaran wuta yana gwaji da tsirarar waya yana neman tartsatsi, ya ƙone abin da ya fi kuɗin aikinsa na wata. Ana cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce wai na ƙasar sanyi ne, alhali injin da bai kai zafinsa ba yana shan mai yana cinye kansa. Ana zuba wa giyar otomatik kowane jan mai aka samu, ko Honda ce ko mai CVT, bayan kowace da nata. Mafi muni shi ne satar indomi, wato abin da ke cikin tukunyar salansa: a kai mota ɗaure salansa, a fasa tukunyar a kwashe abin ciki saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa, a yi walda a rufe. Wannan ba kuskuren aiki ba ne, sata ce, kuma ta zubar mana da mutunci mu duka. Akwai samari a yau da suka san wayoyin mota da kwamfuta sanin da ya cancanci yabo, ina kuma alfahari da su. Amma ko a wurinsu ban ga rajista ba.

Ku masu gareji, ku dawo da zagaye, kuma in yaronku ya yi ɓarna ku faɗa da bakinku ku biya, kada ku jira a gano. Kai kuma mai mota, wayar da ke aljihunka ta isa rajista. Ka ɗauki bidiyon motarka a gaban bakaniken, ciki da waje da ƙarƙashin bonet da allon mitoci. A yi cinikin aikin a faɗi abin da za a taɓa, ka ce a ajiye maka tsohon kaya. In an yi maka ɓarna kada ka kai wani wuri a kwance tukuna, domin hujjarka ke nan ta tafi. Ka fara da mai garejin, in ya ƙi ka je wurin shugaban ƙungiyar kanikawa ta NATA na yankin, in abin ya gagara akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, akwai kuma kotu. Garejin da ya ɓata rai don ka ce a zagaya mota, kada ka bar masa makullinka.